Wa ake nufi da "them" a wannan jumla, ɗana ko sauran yara?

Maman Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin Turanci da malaman ƙananan yara ku zo ku raba mu gardama ni da maigidana, yau kwana tara ke nan muna kan jumla ɗaya.

Autana shekararsa huɗu da wata biyar, yana aji biyu na nazare. Ranar da aka ba da hutu ya dawo da takardar sakamako. Karatu da ƙirga babu laifi, alhamdu lillahi. Amma can ƙasa, inda ake maganar yadda yaro ke zama da sauran yara, akwai jumlar da malamarsu ta ja wa layi da jan biro:

"Help your child to join in with other children without telling them what to do."

Ina karantawa na ce na gane. Abin da na ɗauka shi ne, ki taimaki ɗanki ya shiga cikin yara, amma ki daina tsaya masa a ka kina gaya masa abin da zai yi. Wato da ni ake. Da Baban yara ya dawo na miƙa masa, ya karanta ya ce a'a, da yaron ake: a koya masa shiga wasa ba tare da ya riƙa ba sauran yara umarni ba. Hujjarsa ita ce "them" jam'i ne, ɗanmu kuwa ɗaya ne, ta yaya za a kira shi da "them"? Ni kuma na ce ai wanda aka ce ya taimaka shi aka ce kada ya faɗa, kuma ni aka ce in taimaka.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, duk wadda aka ɗauka cikin biyun ta same mu. Makon jiya 'ya'yan ƙanwata uku suka zo. Suna zaune a ƙasa suna gini da tubalan roba, wai gada suke yi. Auta ya fito daga ɗaki, ya ɗan tsaya, sai kawai ya sunkuya ya zare jan tubali daga tsakiyar ginin ya ce, "Ba nan ake sa wannan ba. Kai, miƙo shuɗin. Ke, matsa can." Babbarsu mai shekara shida ba ta ce masa uffan ba. Ta kwashe tubalan a gaban rigarta, ƙannenta suka bi ta, suka koma bayan kujera suka ci gaba. Aka bar shi tsaye da jan tubali a hannu, leɓensa na ƙasa yana rawa. Bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi.

Ni ma kuma na san halina. In muka je inda yara suke bakina ba ya hutawa: je ka gaishe su, ce su ba ka, kada ka ƙwace, ce ka gode. Tun da na karanta takardar na kama bakina. Kwana tara ban ce masa komai ba in yana cikin yara, ina gani yana kwaɓawa, ina haɗiye magana. Zuciyata kuma ta ƙi yarda cewa wannan shirun taimako ne.

Sai nan da mako uku za a koma makaranta, kuma ba ni da lambar malamar. Shin akwai ƙa'idar Turanci da za ta nuna wanda ke da gaskiya cikinmu? Ba don in ci gardama nake tambaya ba. So nake in san abin da zan yi da yaron nan gobe da safe.

Mai Fassara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Auta. Allah ya raya Auta. Shekarata goma sha ɗaya ina fassara tsakanin Turanci da Hausa, kuma irin wannan jumla ta fi cinye min lokaci a kan manyan kalmomi. Babbar kalma ƙamus zai warware maka. Wannan kuwa kowace kalma a cikinta yaro ɗan firamare ya san ta, amma in an haɗa su sai hanya ta rabu.

Ke da maigida babu wanda ya karanta ba daidai ba. Jumlar ce take da ramuka biyu.

Na farko yana kan "telling". Ba a faɗi wanda ke faɗar ba. Aikatau biyu ne suka gabace ta, "help" wanda ke ce mai yinsa, da "join in" wanda yaron ne mai yinsa, kuma "without telling" zai iya jingina da kowanne. In ya jingina da na farko, ke ce aka hana. In ya jingina da na biyu, yaron aka hana.

Na biyu yana kan "them". A nan zan ɗan saɓa wa maigida, cikin girmamawa. Ba kullum "them" ke zama jam'i ba. In Bature yana magana a kan mutum ɗaya da bai san namiji ne ko mace ba, yakan ce "they" da "them". Ba sabon yayi ba ne. Ƙamus ɗin Oxford ya gano amfani da shi haka tun a rubutun shekarar 1375. Wanda ya rubuta "your child" ga iyaye da yawa bai san ko ɗa gare ki ko 'ya ba, don haka "them" ne mafitarsa.

Ki haɗa ramukan biyu, sai ki samu karatu har uku. Akwai naki: ba tare da kin gaya masa abin da zai yi ba. Akwai na maigida: ba tare da ya gaya musu abin da za su yi ba. Akwai kuma na uku da babu wanda ya kawo cikinku: ba tare da ke kin gaya wa sauran yaran abin da za su yi ba, wato kada ki je ki ce "ku bar shi ya yi wasa da ku".

Ki lura da abin da ya faru da na juya su Hausa. Dole na zaɓa. Mu ma za mu iya ɓoye mai faɗa, mu ce "ba tare da gaya...", amma da zarar mun wuce nan sai "masa" ko "mata" ko "musu" ta tona asiri, sannan "zai" ko "za ta" ko "za su" ta ƙara tabbatarwa. Hausa ba ta barin ka wuce wurin nan ba ka nuna mutum da yatsa ba. Shi ya sa ke da maigida kowa yana karantawa ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin nan take, bai ma san ya cike ba.

In an tilasta min in zaɓa daga jumlar kaɗai, zan ɗan karkata wajen maigida. Masu nazarin yadda mutum ke fahimtar jumla, irin su Lyn Frazier a ƙarshen shekarun 1970, sun nuna cewa mai karanta Turanci yakan liƙa sabon yankin magana ga abin da ya fi kusa da shi. Abin da ya fi kusa da "without telling" shi ne shigar yaron cikin yara, kuma jam'in da ya fi kusa da "them" shi ne "other children". Amma wannan karkata ce ta mai karatu, ba doka ce da ta ɗaure marubuci ba.

Ga abin da za ki yi kafin a koma. Ɗauko takardar ki duba abu biyu. Akwai waƙafi kafin "without"? In akwai, ya ja maganar baya zuwa "help", ya ƙara wa naki ƙarfi. Sannan ki duba yadda aka kira ɗanki a sauran jumlolin. In duk takardar "he" da "him" ake ce masa, sai a nan kaɗai aka ce "them", to sauran yara ake nufi. In kuwa a wasu wuraren ma an kira shi "they", magana ta canza. Ki dawo mana da abin da kika gani.

Malamar Nazare ta amsa:

Maman Auta, sannu 'yar'uwa. Labarin jan tubalin nan ya taɓa ni, domin kusan kowace shekara ina da irin Auta a ajina, kuma yawanci yara ne masu kaifin kai. Ya riga ya ga gadar a ransa, yana gaggawar a gina ta daidai.

Malam Mai Fassara ya gama da nahawu, ba zan ƙara ba. Ni dai ina rubuta irin wannan jumla ga iyaye, kuma in na rubuta ta, da iyayen nake. Amma abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne kwana taran nan na shiru. Ko da karatunki ne daidai, jumlar da "help" ta fara. An ce ki taimaka ba tare da umarni ba; ba a ce ki janye ba. Tsakanin umarni da shiru akwai fili mai faɗi, kuma a nan aikin yake.

Bari in faɗa miki abin da aka gano game da shiga wasa, don yana da ban mamaki. Wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta zauna tana kallon yara 'yan shekara biyu zuwa kusan biyar, ta fitar da sakamakonta a 1932. Ta kasa wasansu gida shida. Daga ciki akwai yaro mai tsayawa yana kallon wasan wasu, akwai mai zama gefensu yana irin wasansu ba tare da ya shiga ba, sannan can gaba akwai wasan haɗin kai inda kowa ke da aikinsa. Wannan na ƙarshe ya fi yawa ga manyan cikinsu. Auta yana bakin ƙofarsa ne yanzu, ba a makare yake ba.

Daga baya William Corsaro ya daɗe a cikin yaran nazare yana lura da yadda suke neman shiga wasan da aka riga aka fara, ya wallafa a 1979. Ya ga cewa yaran da ke cikin wasa suna kare shi kamar dukiya, domin da ƙyar suka haɗa shi, kuma sun san sabon shiga zai iya rushe shi. Wanda ya zo ya tambaya kai tsaye ko zai shiga, sau da yawa "a'a" yake samu. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya matso ya kalla, ya gane me ake yi, sannan ya fara yin irin abin a gefe. Martha Putallaz da John Gottman ma a 1981 sun samu abin da ya yi kama da haka: yaran da aka fi karɓa suna shiga ne ta kan abin da rukunin ke yi, waɗanda ake ƙi kuwa sun fi yin musu da jawo magana kansu.

Kin ga ke nan "je ka ce su ba ka" da muke yawan faɗa, da kyakkyawar niyya, tura yaro muke ta ƙofar da aka fi rufewa.

Abin da nake yi a aji shi ne in durƙusa gefen yaron, kafaɗa da kafaɗa, muna fuskantar masu wasan. In faɗi abin da nake gani kawai: "Gada suke ginawa. Dubi, ta nan motoci za su bi. Wancan gefen bai kai ƙasa ba tukuna." Daga nan in yi shiru. In ya tsaya, in tambaye shi, "Me kake gani suke buƙata?" Wani lokaci in ajiye tubali biyu kusa da ƙafarsa in tashi. Ban ce ya yi komai ba, amma na juya idonsa daga abin da yake so zuwa abin da suke yi. Masu bincike Wood da Bruner da Ross a 1976 sun kwatanta irin wannan taimako da katakan da magina ke kafawa su taka su kai sama: ana kafa su don a cire, kaɗan kaɗan, yayin da ginin ke tsayawa da kansa.

Abu ɗaya kuma, ki yi haƙuri da shi. Yaron da kullum ake masa magana da umarni, da umarni zai yi wa wasu magana, don ita ce muryar da ya fi ji. "Kai, miƙo shuɗin" daga wani wuri ya ɗauko ta. Ba zargi nake ba, ni ma na taɓa jin muryata tana fitowa daga bakin ɗalibata, har da yadda nake ɗaga yatsa. Saboda haka karatunki da na maigida, a wurina, igiya ɗaya ce kowa ya riƙe bakinta.

Baban Tagwaye ya amsa:

Ni ba malami ba ne, amma irin wannan ta taɓa kama ni da kalmar "share". An rubuto mana cewa a ƙarfafa wa tagwayena "to share". Na ɗauka rabawa ake nufi, sai na zauna na raba musu fensiran kala goma sha biyu, shida shida, kowa da gwangwaninsa. Faɗa ya ƙaru, domin ja ɗaya ne kuma yana gwangwanin ɗaya. Ashe abin da ake nufi su yi amfani da abu ɗaya tare, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Mu muna da rabawa, muna da aro, muna da karɓa-karɓa, muna da "sam min", kowacce daban. Su sun zuba duka a kalma ɗaya.

Ra'ayina, malamai su riƙa rubuta wa iyaye jumla gajera da ke faɗin wa zai yi me. Uwa ta yi kwana tara tana cizon leɓe saboda kalma mai harafi huɗu, wannan ba daidai ba ne. Maman Auta, ba ƙarancin Turancinki ba ne, kada ki sa wa ranki haka.

Maman Auta ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri, gaba ɗayanku. Malam Mai Fassara, na ɗauko takardar. Babu waƙafi. Amma ga abin da ban lura da shi ba sai yanzu: takardar kashi biyu ce. Na sama da hannu malamar ta rubuta, kuma a nan "he" take ce masa, har sau huɗu. Na ƙasa bugagge ne, shawarwari ne ga iyaye da alama kowane gida an ba shi iri ɗaya, ita dai ta ja layi a kan wadda ta shafe mu. Jumlar da ke saman tamu tana cewa, "When your child is upset, give them time to calm down." A nan ai babu wasu yara, "them" ɗin ɗana ne.

Na nuna wa Baban yara, ya daɗe yana kallo ya ce lallai wannan hujja ce.

Malama, maganarki ta muryar da yaro ya fi ji ta shige ni. Ban ji haushi ba. Daren jiya na kwanta ina ƙirga sau nawa na ce masa "yi kaza" tun daga safe, na rasa iyakarsu.

Mai Fassara ya sake amsawa:

To, Maman Auta, na janye karkatata. Tunda marubucin ya kira yaro ɗaya "them" a layin da ke sama, kuma duk jerin da iyaye yake magana yana gaya musu yadda za su yi, karatunki ya fi ƙarfi yanzu. Hujjar maigida ta jam'i ta faɗi, kodayake karatunsa bai mutu ba, don "other children" suna nan zaune daf da kalmar.

Da ni aka ba gyara, da na raba ta biyu. In iyaye ake nufi: "Help your child to join in. Try not to give your child instructions." In yaron ake nufi: "Teach your child not to boss other children." Ranar da kika ga malamar kada ki tambaye ta ma'anar jumlar, don za ta iya maimaita miki ita da wasu kalmomi masu irin ramin. Ki tambaye ta kai tsaye, wa zai daina faɗa, kuma wa za a daina faɗa wa.

Maman Auta ta dawo bayan an koma makaranta:

Na ce bari in kawo muku ƙarshen zancen. Na samu malamar ranar farko bayan an tashi, na yi mata tambayar yadda Malam ya tsara. Ta ce da iyaye take. Ta ja layin ne saboda ta lura in na kawo shi da safe nakan tsaya a bakin ƙofa ina gaya masa wanda zai zauna kusa da shi da abin da zai ce. Da na gaya mata yadda babansa ya karanta, sai ta karɓi takardar ta sake dubawa, ta yi shiru, ta ce wallahi ba ta taɓa ganin jumlar ta wannan fuskar ba, kuma wannan ɗin ma gaskiya ne game da Auta. Ta ce za ta nemi a gyara rubutun kafin zango mai zuwa.

A cikin hutun na gwada abin da Malamar Nazare ta koya min. Yaran ƙanwata sun sake zuwa, wannan karon motoci suke jerawa a layi a gefen tabarma. Auta ya nufe su da saurinsa, na riƙo hannunsa a hankali na durƙusa gefensa. Na ce, "Layi suke yi. Manya a gaba, ƙanana a baya." Ya kalla. Na ce, "Ga wata can ƙarƙashin kujera ba ta samu wuri ba." Na saki hannunsa. Ya je ya zaro ta, ƙarama ce fara, ya tsaya yana duba layin daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya ajiye ta a can baya. Babbarsu ta kalli motar, ta kalle shi, ta ɗan matsa ta ba shi wuri.

Sun yi kamar minti goma lafiya. Daga nan ya ce, "Yanzu kowa ya juya motarsa nan." Ta ce, "A'a, ba mu gama ba." Ya waigo ya kalle ni. Magana ta zo min har baki, na riƙe ta, na gyaɗa masa kai kawai. Ya juya ya ce mata, "To in kun gama?" Ta ce to.

Gobe da safe zan kai shi bakin ƙofar aji, in gaishe da malamar, in juyo.